Kafin ku sayar wa 'yan gwangwan tsohuwar laftof ɗinku

Rubutun yau da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni har ƙarshe, don akwai roƙon da zan yi.

Tun ranar 14 ga Oktoba 2025 da kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da yake bai wa Windows 10, nake ta ganin wani saƙo yana yawo a nan Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, wai duk laftof ɗin da ba ta ɗaukar Windows 11 ta mutu, a rabu da ita kawai. Wani abokina mai gyaran kwamfuta a Yelwa ya ce min har an fara kawo masa wasu a kan ya ba da ko nawa ne. Abin ya dame ni wallahi, domin mu nan Shanga da irin waɗannan "matattun" muke koyar da yara.

Waɗanda suka san ni sun san bayan la'asar nakan tara yaran unguwa a zauren gidanmu. Laftof huɗu gare mu, duk gwanjo ne, babu wadda ba ta haura shekara goma ba. Uku Windows 7 ke kansu. Ta huɗun, wadda wana ya bar min, Ubuntu 12.04 ce a kanta, wato wani nau'in Linux da ya fito a watan Afrilun 2012, aka daina kula da shi a 2017. RAM ɗinta gig 2 ne kacal. Dalilin tara yaran kuwa kowa ya san shi: tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, kuma har yau akwai ɗanmu da ranar jarrabawar ce ranar farko da hannunsa zai taɓa maus. Yaro ya san amsa, amma rawar hannu ta cinye masa lokaci.

Da tafiya ta yi tafiya, wasu daga cikinsu suka wuce matakin koyon danna haruffa. Akwai wata yarinya 'yar aji biyar na sakandare da ta ce min, "Malam, ni so nake in san yadda ake sa kwamfuta ta yi lissafi da kanta." To daga nan ne aiki ya same ni, don rubuta umarnin kwamfuta yana buƙatar manhajar rubutu ta musamman, wadda ake kira edita. Ita ba ruwanta da ado irin na Word, zallar rubutu take adanawa, tana kuma sa wa kalmomi launi don mai koyo ya gane inda ya yi kuskure.

A kan Windows 7 ban sha wuya sosai ba. Tun 14 ga Janairun 2020 aka daina tallafa mata, sababbin manhajoji kuma suna ta janye jiki. VS Code ya tsaya mata a fitowa ta 1.70, Chrome a ta 109, Python a 3.8. Da na gane haka sai na nemo waɗannan tsofaffin na saka, suka hau lafiya lau. Ta huɗun ce ta sa ni kwana uku ina fama.

Editan da na zaɓar mata shi ne Vim, saboda ba shi da nauyi ko kaɗan. Akwai guntunsa a kanta tun asali, amma ba ya nuna launi. Ni kuma ina son wanda yaro zai rubuta umarni a saman allo ya ga sakamako a ƙasa ba tare da ya fita ba, kuma wannan damar sai daga Vim 8.1 na 2018 ta shigo. Ba wanda ya haɗa shi a shirye don wannan tsohuwar Ubuntu a rumbunta. Hanya ɗaya ta rage: in ɗauko asalin rubutun manhajar in haɗa da kaina. Manhajar da muke saukewa mu danna ta hau kamar tuwo ne da aka riga aka tuƙa. Asalin rubutun kuwa hatsi ne a buhu, kai za ka surfa, ka kai niƙa, ka tuƙa a tukunyarka daidai da murhunka.

Matsala ta farko, laftof ɗin ta ƙi buɗe shafin da zan sauke shi. Hanyar tsaron da take gaisawa da shafukan intanet ta tsufa, manyan shafuka sun daina amsa irinta. Sai da na je Yelwa inda sabis ya fi ƙarfi, na sauke Vim 8.2 a waya, na dawo na tura mata ta kebul.

Sai na ba da umarnin configure. Aikinsa shi ne ya leƙa cikin kwamfutar ya duba me take da shi, me ta rasa, kafin a fara haɗi. Ya yi ta zuba layuka, can sai ya tsaya cak, ya ce bai ga ncurses ba, wato kayan da edita ke amfani da su wajen zana rubutu a baƙin allo. Na ce to mai sauƙi, bari in sauko da su. Nan ma ta ce ba ta ga rumbun ba. Na kusa haƙura a daren nan. Washegari na gano cewa idan fitowar Ubuntu ta tsufa, kwashe kayanta ake yi a mayar wani rumbu daban mai suna old-releases. Na buɗe fayil ɗin sources.list na canza adireshin, na jona mata data daga wayata, sai ga kaya suna sauka kamar ba ita ba.

Na sake configure, wannan karon na rage masa buri. Na ce ya bar duk wani abu na tagogi da maɓallan dannawa da maus, tunda su ne ke neman sababbin kayan da tsohuwar ba ta da su, ya bar min zaɓin terminal kawai a buɗe. Ya wuce. Na ba da umarnin make, wanda shi ne ainihin tuƙin. Sai ga gargaɗi wai fayilolin daga "gaba" suka zo. Na duba agogonta, ashe ta koma shekarun baya can. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke riƙe mata lokaci ne ya mutu. Na gyara kwanan wata da hannu, aiki ya ci gaba.

Ana tsakiyar haɗi caji ya ƙare. Mu da ke gefen tafkin Kainji, madatsar da aka kammala tun 1968 aka tashi garuruwa da dama saboda ita, da 'yar sola muke lallaɓawa. Baba maƙwabcinmu ya leƙo ya gan ni zaune cikin duhu ya ce, "Malam, mi kake nema ga wannan tsohon ƙarfe har tsakar dare?" Na ce, "Baba, tsoho ai ba a yar da shi." Ya yi dariya ya ce in dai haka ne shi ma a duba shi. Abin daɗin, make ba ya komawa farko. Da rana ta fito na kunna, daga inda ya tsaya ya ɗora har ya gama.

Saura abu ɗaya da ya fi min komai muhimmanci: haruffanmu masu ƙugiya. Ba na son yaro ya taso yana ganin kwamfuta ba ta jin Hausa, ya riƙa rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya. A fayil ɗin saitin Vim na sa ya yi aiki da UTF-8, sannan na koya masa lambobinsu na Unicode: ƙ 409, ɗ 599, ɓ 595. Yanzu da maɓalli biyu-uku yaro zai fitar da su. Ranar da yarinyar nan ta rubuta 'yar manhajar da ke tambaya da Hausa buhun albasa nawa aka sayar kuma a kan nawa, ta fitar da jimilla, sai da ta kira ƙannenta su zo su gani. Mahaifinta manomin albasa ne, ta ce lissafinsa za ta riƙa yi masa.

Wani abu da ya taɓa zuciyata, idan ka buɗe Vim, allon farko roƙo yake a taimaka wa yara marasa galihu a Uganda. Wanda ya ƙirƙire shi a 1991, Bram Moolenaar ɗan ƙasar Holan, ya shafe shekaru yana tara wa marayun Kibaale taimako ta wannan hanya, har ya rasu a watan Agustan 2023. Kyauta ya bar aikinsa, shi ya sa ni da ke Shanga na iya ɗauka in gyara daidai da tsohuwar laftof ɗina ban biya ko sisi ba.

Na san masana cikinku za su ce me ya sa ban goge ta na saka sabon Linux mara nauyi ba. Gaskiyarku, shi ya fi, kuma ina da niyya idan na samu datar da za ta isa. Debian 12 har yanzu yana hawa kan masu 32-bit, duk da cewa Debian 13 da ya fito a Agustan 2025 ya daina fitar musu da faifan sakawa. Kuma kada wani ya fahimce ni a baibai: kwamfutar da aka daina tura wa gyaran tsaro tana da haɗari a intanet. Kar ka shiga bankinka da ita, kar ka ajiye sirrin ofis a kai. Namu ba sa hawa intanet sai in ni na jona da kaina don sauke wani abu. Amma koyon rubutu, lissafi da gwajin jarrabawa ba sa buƙatar sabis ko kaɗan.

Ga roƙon nawa. 'Yan uwanmu na Yauri, Ngaski da Shanga da ke aiki a Birnin Kabi, Sakkwato, Kaduna ko Abuja, in kana da laftof a ƙarƙashin gado da ka daina amfani da ita, ko batirinta ya mutu, ko allon ya ɗan tsage, kwashe hotunanka da takardunka, ka goge ta tas, ka aiko da ita gida. Ba sai wajena ba, kowane gari akwai malamin da zai yi murna da ita. Malaman da ke da kwamfutoci a kulle a ɗaki suna shan ƙura don an ce sun tsufa, ku yi min magana ta inbox, zan rubuto muku matakan nan ɗaya bayan ɗaya da Hausa. Yanzu haka yara goma sha ɗaya ke layi a kan huɗun nan, kowa minti ashirin yake samu kafin magariba.

Don Allah ku tura wa wanda kuka san yana da ita. Allah Ya sa mu dace.