Jirgin Ɗinki

Ranar da na gaya wa Kawu zan ɗinka jirgi da waya kamar mai ɗinkin ƙwarya, dariya ya yi har da riƙe ciki. Shi Basarke ne, a bakin Kwara ya tsufa, nan Yawuri. Ni kuwa a littafi na tsinci dabarar, wadda ta yi suna a Ingila tun da Jack Holt da Barry Bucknell suka tsara ƙaramin jirgin nan Mirror a 1962. A yanka filawud, a huda gefuna, a ɗaure da wayar jan ƙarfe, sannan a liƙe da gam. Rabin alawus ɗina na zuba a ciki.

Kwana uku na gama ɗinki. Gam ɗin, wato efoksi, shi ya nuna mini iyakata. Ruwa iri biyu ne, sai an gauraya su bisa awo suke daskarewa. Daskarewar tana haifar da zafi, zafi kuma yana ƙara mata sauri. To, mai littafin zancen garinsu mai sanyi yake yi, ni ko ga ni cikin watan Afrilu. Na dama gwangwani guda da azahar, na zuba garin katako ya yi kauri kamar tunkuza, don in cike kusurwoyi. Kafin in shafe kamu biyu gwangwani ya gagari hannu, hayaƙi na tashi, ya zama dutse da muciyar a ciki. Kuɗin abincin mako biyu ke nan, ya kai mai karatu.

Sai na koma damawa kaɗan-kaɗan a faranti mai faɗi, da sassafe. Nan ma wata sabuwa ta ɓullo. Shafin farko bisa tsurar katako ya fito da ƙuraje, sai ka ce mai ƙyanda. Ashe in rana tana ɗagawa, iskar da ke cikin katako kumbura take yi ta huro gam. Kawu bai san efoksi ba, amma da ya duba sai ya ce, "Yaro, itace yana numfashi. Bari sai la'asar sakaliya." Na bi maganarsa, shafi ya kwanta sumul.

Saura gugar samfefa, aikin da ba mai yaba maka. Kowane shafi sai na wanke maiƙon da ke tasowa a kansa da ruwa, in ba haka ba na gaba ba zai kama ba. Wata rana na yi ƙyuyar sa safar hannu, na kwana ina susa. Na so in bar jirgin yana ƙyalli saboda 'yan kallo, amma rana tana cin efoksi, tilas na rufe shi da fenti.

Ran da muka kai shi ruwa Kawu bai ce uffan ba. Ya bi kusurwoyin da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa, ya jefa ƙoƙon kwarfe ruwa ciki, sannan ya shiga gaba ya bar mini filafili.