A Bakin Tafkunan Buji: Yadda Ake Hango Kifi a Ƙarƙashin Ruwa

Idan damina ta yi bankwana, ƙasar Buji a masarautar Dutse takan cika da tafkuna da kududdufai da ruwan sama ya bari. Daga Gantsa, hedikwatar ƙaramar hukumar, muka bi hanyoyin cikin gonaki, muka tarar an yanke gero, dawa kuma tana jiran lauje. A irin wannan lokaci ne laka ke kwantawa, ruwa ya fara washewa, yara da manya su fito da fatsa. Abin da aka fi samu shi ne tarwaɗa da karfasa. Gaiwa kuwa sai ruwa ya janye ake tono ta cikin taɓo.

Mai fatsa yana da matsala guda wadda mai jefa birgi bai damu da ita sosai ba: yana son ya ga inda kifin yake kafin ya saka ƙugiya. Da hantsi ya yi, saman ruwan sai ya koma kamar madubi, ba ka ganin komai sai ƙyalli. Dattawan masunta da muka gani suna kare ido da malafa, su kuma juya wa rana baya. Dabara ce mai kyau, ba ta cin ko sisi.

Samari kuwa baƙin tabarau suke sakawa, irin wanda ake rataye wa a allo a kasuwa. A nan ne kimiyyar da kuke karantawa a aji ta shigo. Hasken da ya daki ruwa ya dawo, galibinsa a kwance yake kaɗawa. Baƙin gilashi na yau da kullum yana rage haske ne gaba ɗaya, ƙyallin da kifin duk su dusashe tare. Amma akwai tabarau mai tace ƙyalli, wanda ake rubuta Polarized a jikinsa. Yana tare hasken da ke zuwa a kwance, ya bar wanda ya fito daga cikin ruwa ya wuce. Wani Ba'amurke mai suna Edwin Land ne ya ƙirƙiro fallen roba mai yin wannan aiki, ya kuma kafa kamfanin Polaroid a 1937.

Rubutu dai kowa na iya mannawa, saboda haka ku gwada kafin ku biya. Ku kunna fuskar waya, ku dube ta ta cikin gilashin, sannan ku juya shi a hankali. Idan fuskar ta yi duhu ko launinta ya sauya, na gaske ne.

Sai batun launi. Ruwan tafkunan nan ba garau yake ba, yana da ja-ja saboda ƙasa, ba shi kuma da zurfi. A ganinmu gilashi ruwan ƙasa ko ruwan zuma ya fi dacewa da shi, don yana fito da duhun bayan kifi daga launin laka. Ruwan toka ya fi amfani a babban ruwa mai faɗi da tsakar rana, kamar madatsar Warwade kusa da Dutse. Ruwan ɗorawa na asuba ne da ranakun hazo. A tsakiyar damina kuwa, lokacin da ruwa ya dagule, babu tabarau ɗin da zai nuna maka tarwaɗa, gara ka adana kuɗinka ka sayi zare da ƙugiya.

Akwai abin da ya fi kifin muhimmanci. Baƙin gilashi yana sa ƙwayar ido ta buɗe. Idan ba ya tare hasken UV, wato ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani, to ya fi shiga ido da yawa, kuma daɗewa cikinsa na daga abubuwan da ke kawo yanar ido. Ku nemi alamar UV400.

Ko da ka hango karfasa, ba daidai wurin da ka gan ta take ba. Haske yana lanƙwasa idan ya fito daga ruwa zuwa iska, shi ya sa kifi ke bayyana sama da ainihin zurfinsa. Masu sukar kifi da mashi sun daɗe da sanin haka, ƙasa da shi suke auna. Ku tsoma kara a bokitin ruwa a gida, za ku ga kamar ya karye a daidai saman ruwan.