Eutaw, Garin da Ya Jingina Asibitinsa da Kuɗin Bingo

Idan ka baro Tuscaloosa ka miƙe babban titi kudu maso yamma, ba za ka cika awa guda ba sai ga ka a Eutaw, hedikwatar gundumar Greene a jihar Alabama ta Amurka. Baƙar ƙasa ce mai albarka, kwance tsakanin kogin Black Warrior da kogin Tombigbee. A kanta bayi suka noma audugar da ta gina wa iyayen gijinsu manyan gidaje masu ginshiƙai, wasunsu har yau suna tsaye. Jikokin bayin nan su ne kusan takwas cikin goma na mazauna wurin. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 7,730, gunduma mafi ƙarancin jama'a a duk jihar.

Mutanen nan sun shiga raina tun ganin farko. Ba a wuce ka babu gaisuwa, ko mai mota sai ya ɗaga maka hannu daga kan sitiyari. Ga kuma tarihi. A 1969, bayan shari'ar da ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, baƙar fata suka karɓe majalisar gundumar ta hanyar ƙuri'a. Shekara ta zagayo suka zaɓi Thomas Gilmore, limamin coci, ya zama sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, ya kuma yi suna da cewa ba ya rataya bindiga. Kowane watan Agusta suna cika dandalin tsohuwar kotu da kiɗan buluz da waƙoƙin coci da barguna ɗinkin hannu. Talauci ya yi musu katutu, amma ban ga alamar ya karya musu zuciya ba.

Asibitinsu kuwa da kuɗin bingo ya jingina. Bingo wasa ne na kati mai gidaje biyar a tsaye, biyar a kwance. Mai kira ya zaro lamba ya shelanta, kowa ya duba katinsa ya yi alama, wanda ya fara cika layi ya ɗaga murya. Coci-coci da ƙungiyoyin tsoffin sojoji sun daɗe suna tara kuɗin taimako da shi. Tsarin mulkin Alabama na 1901 ya hana irin wannan caca, don haka duk gundumar da ke son bingo sai an yi mata gyara na musamman. A 2003 Greene ta sami nata, gyara na 743, wanda ya ba ƙungiyoyin agaji izinin shirya wasan, ya ambaci na'urar lantarki a ciki, ya kuma ɗora wa sherif alhakin sa ido.

Ni Musulmi ne, hukuncin caca a wurina ba abin muhawara ba ne. Abin da ya burge ni shi ne inda kuɗin ke zuwa da yadda ake bayyana shi. Sherif ya kasance yana karɓar kuɗi a kan kowace na'ura duk wata, ya raba wa majalisar gunduma, da hukumar makarantu, da garuruwan Eutaw, Forkland, Union da Boligee, da kuma ƙaramin asibitin gunduma mai haɗe da gidan kula da tsofaffi. Jaridar mako-mako ta Greene County Democrat ta riƙa buga rabon dalla-dalla, kowa ya karanta nawa ya shigo, wa ya samu. A jihar da ta ƙi faɗaɗa inshorar lafiyar talakawa, inda asibitocin karkara ke ta rufewa, waɗannan mutane sun hana nasu mutuwa. Na daɗe ina kallon ginin nan, ina tuna cewa in babu shi, tsohuwar da ciwon zuciya ya kama da tsakar dare sai an kwashe ta zuwa wata gunduma.

Gwamnatin jiha ba haka take ganin lamarin ba. A ƙarshen 2008 Gwamna Bob Riley ya kafa runduna ta musamman don yaƙi da haramtacciyar caca. A 2009 Kotun Ƙolin Alabama ta zayyana siffofi shida na bingo: dole a shelanta lamba ɗaya bayan ɗaya, dole ɗan wasa ya kasa kunne ya yi alama da kansa, wanda ya shagala ya yi asara, kuma a cikin jama'a ake yinsa. Da wannan ma'auni aka yi ta kwashe na'urori. A 2010 'yan sandan jiha suka dira a Greenetrack, tsohon filin tseren karnuka da ya koma gidan bingo kuma yake ciyar da ɗaruruwan iyalai. Jama'a suka tsaya a ƙofa suka ƙi matsawa har aka kama wasunsu, ciki har da sanatan yankin, Bobby Singleton. A 2017 babban lauyan gwamnati Steve Marshall ya sake shigar da ƙara. A 2022 Kotun Ƙolin Alabama ta ce Greenetrack ya biya bashin haraji na kusan dala miliyan 76, ta kuma ba da umarnin dakatar da na'urorin gundumomin Macon da Lowndes. Farkon 2023 Greenetrack ya rufe.

Alƙalan suna da hujja. Na leƙa ɗaya daga cikin zaurukan da suka rage, na ga mutum zaune shi kaɗai gaban allo mai walƙiya, ya danna maɓalli, kafin ƙiftawar ido an ci ko an cinye shi. Babu mai kira, babu kati a hannu. Kotun ta kuma nuna cewa abin da ke isa ga ƙungiyoyin agaji ɗan kaɗan ne idan aka gwada da abin da masu gidan ke kwasa. Da yawa daga cikin masu danna maɓallin ma talakawa ne.

Sai dai mutanen Greene suna da tasu tambayar, kuma ta cancanci amsa. Ƙabilar Poarch Creek tana gudanar da irin waɗannan na'urori a Atmore da Wetumpka da Montgomery, jiha ba ta da ikon taɓa su saboda dokar tarayya ta 1988 ta ba su kariya. Su kuwa da suka bi ƙa'ida, suka kaɗa ƙuri'a, aka rubuta musu izini a tsarin mulki, su aka riƙa kai wa samame, ba tare da an ce ga abin da za a biya ma'aikatan jinya da shi ba. A 2024 majalisar jiha ta kusa miƙa wa jama'a batun caca don su yanke hukunci da kansu. Ƙudurin ya wuce majalisar wakilai, ya faɗi a ta dattawa da ƙuri'a guda.