Motar Komawa Gida A Zangunan Fatakwal, Anacha Da Inugu

Duk wanda ya taso daga Arewa ya sauka a Fatakwal cikin watan Yuli, abin da zai fara tarbarsa shi ne ruwa. Ruwa a sama, ruwa a ƙasa, iskar da mutum yake shaƙa ma a jiƙe take, har rigar da aka shanya tun da hantsi takan kai magariba ba ta bushe ba. Ruwan da ke sauka a wannan gari cikin shekara guda ya haura milimita 2,000, watau ya ninka na Kano fiye da sau biyu. A cikin wannan laima ne dubban Hausawa suke zaune suna neman halaliyarsu, waɗansu a Diyobu wajen Mil Ɗaya da Mil Uku, waɗansu a tsohon gari kusa da babban masallaci. Akwai masu shanu da mahauta, akwai masu albasa da masu canjin kuɗi, ga kuma 'yan ci-rani waɗanda ke zuwa bayan kaka su koma da faɗuwar ruwa.

Zaman nasu ba na jiya ba ne. Turawa sun kafa garin a 1912 domin su sami tashar jirgin ruwa da za ta riƙa kwashe kwal ɗin da aka gano a tsaunukan Udi a 1909, Gwamna Lugga kuma ya raɗa masa suna a 1913. Da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa shi da Inugu a 1916, daga baya kuma ta zarce Makurɗi da Kafanchan ta sadu da ta Kaduna, sai fataken Arewa suka biyo dogo da dabbobinsu da hatsinsu, waɗansu suka kafa iyali har suka ga jikoki.

A irin waɗannan unguwanni, idan baƙo ya kutsa cikin lungu, yakan ci karo da mota a bayan gida ko a gefen masallaci, an lulluɓe ta da tamfol an danne da duwatsu. In aka ɗaga tamfol ɗin, sau da yawa tsohuwar Fijo 504 ce. An fara ƙera irinta a Faransa a 1968, aka shiga harhaɗa ta a Kaduna daga 1975, aka kuma ci gaba da yin ta a can har cikin shekarun 2000, bayan Faransawa da kansu sun daɗe da dainawa. Mai irin wannan mota ba ya fita da ita kullum. Rumfarsa tana kusa, cunkoson titi ya yi yawa, man fetur kuma ya yi tsada ƙwarai tun da aka janye tallafi a 2023. Ya ajiye ta ne saboda rana guda, ranar komawa gida, ko don Salla, ko aurar da 'ya, ko kuwa in an aiko cewa jikin tsohuwa ya tsananta. Tsakaninsa da Kano akwai tafiyar da ta zarce kilomita 1,000.

To, a nan ne kuskuren yake. Hausawa sun ce ajiya maganin wata rana, amma ajiyar mota daban take da ta zinariya. Mutane da dama suna zaton motar da ba ta tafiya ba ta tsufa, suna auna lafiyarta da yawan kilomitocin da ta ci, alhali kuwa motar da ke zaune a Kurmi da watanni ake lissafin tsufanta.

Dubi baƙin mai da farko. Duk litar fetur da inji ya ƙona tana haifar da kusan lita guda ta ruwa a matsayin tururi. Yawancinsa yana fita ta salansa, amma wani yakan silale ta gefen fistin ya gangara cikin baƙin mai, ga kuma raɓar da ke taruwa a cikin inji duk lokacin da ƙarfe ya yi sanyi da dare. Motar da ke cin doguwar hanya takan ɗauki zafin da zai kori wannan ruwa. Wadda ke zaune kuwa, ruwan yakan haɗu da dattin hayaƙi ya zama tsami mai cin ƙarfe, man kuma ya yi kauri ya daskare a ƙasan inji kamar kwata. Alamarsa ita ce wani farin kumfa mai kama da kindirmo a ƙarƙashin murfin zuba mai. Idan kumfan kaɗan ne, raɓa ce. Idan kuwa man gaba ɗaya ya koma launin shayi da madara, ruwan lagireto kuma yana raguwa, to gaskit ne ya ƙone, sai a nemi bakanike.

Akwai wata al'ada da ake yi da kyakkyawar niyya, watau a tura yaro kowace safiya ya tayar da mota ta yi minti biyar a tsaye, sa'an nan ya kashe. Wannan ɗumamawa ɓarnarta ta fi amfaninta yawa, domin tana ƙara ruwa da ɗanyen fetur a cikin man ba tare da injin ya kai zafin da zai ƙafar da su ba. Abin da ya fi shi ne a fitar da ita kan titi sau ɗaya cikin mako biyu ko uku, a yi tafiyar rabin sa'a, a shiga kowace giya, a taka birki. Juye kuwa a yi shi aƙalla sau ɗaya a shekara tare da canza filta, ko da motar ba ta ci kilomita 500 ba, kuma a yi shi da dawowa daga tafiya kafin a lulluɓe ta, don kada ta kwana wata shida da gurɓataccen mai a cikinta. Abin da injin 504 ke sha bai wuce lita huɗu ba, na mai kauri irin 20W-50 da tsofaffin injuna suka saba da shi. Abin takaici ne a ce a garin da aka buɗe matatar mai ta farko a Nijeriya, a Alesa Eleme cikin 1965, inji ya buga saboda rashin lita huɗu.

Daga Fatakwal hanya takan miƙa arewa ta ratsa Elele, inda Hausawa mafarautan giwa suka yi zango tun kafin a kafa Fatakwal ɗin, ta wuce Owerri mai unguwar da 'yan gari ke kira Ama Hausa, ta faɗa Anacha a bakin Kogin Kwara. Anacha gari ne na ciniki tsantsa. Tun daga bakin tsohuwar gada, wadda aka gama a 1965, aka karya ta lokacin yaƙin basasa, aka kuma gyara bayan an gama yaƙin a 1970, har zuwa babbar kasuwa da kasuwar Ose, babu inda mutum zai sa ƙafa bai taka kayan sayarwa ba. Hausawa suna nan a bakin gada da wajen Titin Bida inda masallaci yake, suna sauke tumatir da albasa da wake da busasshen kifi daga manyan motocin da suka kwana a hanya.

Ga mai tsohuwar mota, Anacha rahama ce kuma jarrabawa ce. A Nkpor da Obosi akwai kasuwannin kayan gyaran mota, sababbi da na hannu, ga Nnewi nan kusa, har abin da ya gagara samuwa a Kaduna inda aka haifi motar akan same shi a nan. Amma inda kasuwa ta cika, algus ba ya rasa wurin zama. Akwai masu tara tsohon mai su tace shi sama-sama, su ɗura a galan mai kyan gani su liƙe. Wanda zai yi juye sau ɗaya tak a shekara bai kamata ya nemi araha ba, gama araha ba ta ado. Ya sayi mai a gidan mai ko wurin dillalin da aka sani, ya duba hatimin murfi, ya tsaya a zuba a gabansa.

Kogin ma yana da nasa hukunci. A 2012 da 2022 Kwara ta cika ta yi ambaliya, ta shanye unguwannin da ke kwari a gefen Anacha da ƙasar Ogbaru. Motar da ruwa ya taɓa shiga, ko da ta bushe a ido, kada a kuskura a murza mata makulli sai an zubar da man inji da na giya, an cire fulogi an tabbata babu ruwa a kan fistin. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, murzawa ɗaya tana iya lanƙwasa ƙarfen cikin inji.

Akwai kuma dalilin da dattawan zango ba su cika faɗinsa a fili ba. Waɗanda suka ga 1966, lokacin da kashe-kashe suka sa 'yan ƙabilar Ibo suka baro Arewa, 'yan Arewa kuma suka bar Gabas, da waɗanda suka ga Fabrairun 2006, sa'ad da tarzomar Maiduguri ta jawo ramuwa a Anacha har mutane suka tsallaka gada zuwa Asaba da ƙafa, sun san cewa wata tafiyar ba ta ba da sanarwa. Yawancin shekaru lafiya ake zaune, ana ciniki, ana ba juna bashi, ana halartar bukukuwan juna. Duk da haka motar da ke ƙarƙashin tamfol wani kwanciyar rai ce ga mai iyali, kuma ba ta da wannan amfani sai in za ta tashi a bugu ɗaya.

Daga Anacha zuwa Inugu tafiyar kimanin kilomita 100 ce ta Awka, ƙasa tana ta tashi har a kai Mil Tara, sa'an nan a gangara cikin gari a gindin tsaunuka. Inugu tana da tarihin da ya kamata kowane ɗan Arewa ya sani, domin lokacin da aka ba ta matsayin birni a 1956, magajin garinta na farko shi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, kuma da ƙuri'ar mutanen gari ya hau. Har yanzu Hausawa suna nan a Titin Owerri cikin Asata da wajen Gariki. Gari ne kuma da ya san ƙarfe, gama a Emene aka buɗe masana'antar harhaɗa manyan motocin Marsandi a 1980, unguwar Coal Camp kuwa ta shahara da kanikawa da maƙera.

A nan ne maganar ruwan lagireto take tasowa, domin duk mai barin Inugu zuwa Arewa sai ya hau tudu, ko ta tsohuwar hanyar Milliken mai kwane-kwane ko ta Ugwu Onyeama, kuma hawa da kaya da iyali shi ke tona asirin lagireto. Jikin injin 504 na baƙin ƙarfe ne, kansa na alminiyam, lagireton tsohon yayi kuma na tagulla. Idan ƙarafa mabambanta suka zauna cikin ruwa guda, ɗaya yakan riƙa cin ɗaya a hankali, ko mota tana tafiya ko tana tsaye. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ƙara dagula al'amarin, wani yana barin farar ƙasa tana toshe ƙananan hanyoyin lagireto, wani kuma, kamar na yankin Fatakwal, yana da tsami da ƙarfe a cikinsa. Inugu kuwa gari ne mai ƙarancin ruwa, inda gidaje da yawa ke saye daga tanka, abin da ya samu shi ake zubawa.

Mutane suna ɗaukar koren ruwan nan na kanti a matsayin kayan ƙasashen ƙanƙara, suna cewa me ya haɗa mu da shi. Gaskiya ne yana hana daskarewa, amma babban aikinsa a ƙasarmu shi ne hana tsatsa, yana kuma ɗaga zafin tafasa, domin ruwa zalla yana tafasa a digiri 100, wanda aka gauraya rabi da rabi kuwa sai ya kai wajen 107. Maganin tsatsar da ke cikinsa yana ƙarewa da daɗewa ko ba a tuƙa motar ba, saboda haka irin na tsofaffin motoci a canza shi duk shekara biyu. A wanke lagireto, a gauraya da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba. A matsa kowane tiyo da hannu, wanda ya yi tauri ko ya yi laushi kamar tuwo a sauya shi, a duba fambel da murfin lagireto. Tamostat kuma, wanda kanikawa da yawa suke cirewa su jefar wai don ƙasarmu da zafi, a bar shi a wurinsa in yana da lafiya, domin shi ke sa inji ya yi saurin kai zafin da zai kori ruwa daga baƙin mai.

Sai a yi hattara da abu biyu. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska da hannu ta haka. Koren ruwan kuma guba ne mai zaƙi a baki, in aka bar shi a kwano ko aka zubar a tsakar gida, yaro ko ragon layya na iya sha ya halaka. A zuba tsohonsa a jarka a rufe, haka ma tsohon baƙin mai, kada a tuttular a kwata ya bi ruwa zuwa rafi. In rana ta fito a yaye tamfol motar ta sha iska, gama tamfol yana tsare ruwan sama amma yana riƙe laima.

A Mil Tara hanya take rabuwa, wadda ta nufi Arewa ta bi ta Obollo Afor da Otukpo, ta haye Binuwai a Makurɗi, ta wuce Lafiya. Ana gab da Salla akan ga motoci a gefen wannan hanya an ɗaga bonet, tururi yana tashi, mata da yara suna zaune a inuwa, maigida yana neman ruwa a jarka. Galibinsu tun a bayan gida suka lalace, cikin watannin da suka yi a lulluɓe. An ce zumunta a ƙafa take, lafiyar mota ma haka. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.