Wa Yag Gaya Maka, Malam?

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami domin rubuta wannan al'amari ina ajiyewa, saboda ba abin yabo ba ne a gare ni, kuma ɗan Adam bai cika son tona asirin kansa a bainar jama'a ba. To amma abin da ya ƙi barin mutum barci gara ya faɗe shi ya huta.

Ni malamin Hausa ne a wata makarantar sakandare da ke Wurno, haifaffen Rabah, kuma tun ina yaro Allah Ya jarrabe ni da son ƙwallon ƙafa. A 1994, lokacin da Nijeriya ta fara zuwa gasar cin kofin duniya a Amurka, da rediyon kawuna muka raba dare muna sauraron yadda su Rashidi Yekini suka lallasa Bulgeriya da ci 3 da nema. A wancan zamani in an ce an sayar da ɗan wasa, sai jarida ta iso daga Sakkwato bayan kwana biyu ko uku, kafin nan ciniki ya faɗa, an sa hannu, magana ta ƙare. Yanzu kuwa labari a aljihun kowa yake kwana. Ga gidajen kallo da janaretocinsu, ga wayar hannu, yaron da bai taɓa wuce Achida ba zai lissafa maka albashin ɗan wasan Landan har da kwabbai.

Duk wanda ya taɓa kai rago kasuwa ya san yadda jita-jitar cinikin 'yan wasa take, ko bai taɓa kallon ƙwallo ba. Dillali zai ɗaga murya ya ce wani alhaji ya taya kaza an yi albarka, alhali kuwa babu alhajin, so yake mai saye na gaske ya ji tsoro ya ƙara, la'ada ta yi kauri. Haka wakilan 'yan wasa ke yi a Turai duk lokacin da aka buɗe kasuwa, da damina da kuma watan Janairu: su raɗa wa ɗan jarida, ɗan jarida ya buga domin shi ma jama'a yake nema, mu kuma a nan mu ɗauka muna rantsuwa a kai. Ku tuna da Victor Osimhen a ƙarshen watan Agusta na 2024. Rabin majalisarmu sun kai shi Chelsea, rabi sun kai shi Al-Ahli ta Saudiyya, har an yi ɓacin rai tsakanin aminai, sai ga shi a Galatasaray ta Turkiyya a matsayin aro, inda babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ya ambata. Washegari kowa ya ce ai dama shi ya sani.

Ban isa in yi wa kowa dariya ba, domin ni ne limamin wannan majalisa. A ɗakin malamai in ana gardamar wa zai ci, ni ake jira in yanke. Na dace sau biyu ko uku, aka yi ta zuga ni, ni kuma na hau. Waɗanda na faɗa ba su tabbata ba kuwa, babu mai tunawa, har ni kaina.

A watan Maris na 2022 aka haɗa Nijeriya da Gana wasan neman gurbin zuwa Ƙatar, gida da waje, wanda ya faɗi ya zauna gida. An yi canjaras babu ci a Kumasi ranar Juma'a 25 ga wata, saura na Abuja ranar Talata 29. Ranar Litinin na shiga ajin ƙarshe da niyyar koyar da karin magana, yara suka ce sai na faɗa musu yadda za ta kaya. Maimakon in tsawata, sai na ajiye alli na gyara tsayuwa. Na ce Gana ta fita daga gasar Afirka a Kamaru ba ta ci wasa ko ɗaya ba, har tsibirin Komoros ya doke ta 3 da 2, mu kuwa mun cinye wasanninmu uku na rukuni, ga Osimhen ya dawo, ga gida namu. Duk wannan gaskiya ne. Sai kuma na ɗora abin da har gobe nake nadama: na ce na ji daga majiya mai tushe cewa Thomas Partey ya ji rauni, ba zai buga ba. Na rufe da cewa 2 da nema, in ba haka ba kada a ƙara kira na Malam.

Partey ɗin nan shi ya jefa mana ƙwallo wajen minti goma da farawa. Troost-Ekong ya rama da bugun fanareti, aka tashi ɗaya da ɗaya, Gana ta wuce saboda cin da ta yi a waje, 'yan kallo suka ɓarke cikin fili suna farfashe-farfashe. Na koma gida ina tunanin tsiyar da malamai za su yi mini da safe. A zatona iyakar hasarar ke nan.

Kwana uku bayan haka, ana jajibirin azumi, na fito sallar La'asar sai na tarar da wani dattijo a ƙofar gidana, ya jingine kekensa, da ɗalibina tsugune a gefe kansa a ƙasa. Yaron daga wani ƙauye yake ta wajen Goronyo, yana zaune wurin gwaggonsa domin karatu, kuma yana cikin masu ƙoƙarin ajin. Ashe uban ya sayar da albasar da ya noma da rani, dillali ya damƙa wa yaron kuɗin ya kai gida, kuɗin gero da sukari na azumi da na man injin ban-ruwa. Yaro ya ɗauke su gaba ɗaya ya zuba a cacar ƙwallo ta wayar wani abokinsa, a kan Nijeriya za ta ci, wai ya ninka ya ba tsohonsa mamaki.

Bayan mun gaisa na shimfiɗa tabarma, dattijon ya ce, "Malam, ba biya niz zo nema ba. Caca haramun ta, shi ma ya sani, na kuwa hore shi. Amma ya ce kai kac ce, kuma wai ka ji ga majiya. Shi niz zo in tambaya. Wa yag gaya maka?"

Na buɗe baki na rasa abin faɗi. Wani malami ne ya gaya mini a ɗakin malamai, shi kuma a WhatsApp ya ji wata murya da aka turo, mai muryar kuwa babu wanda ya san ko wane ne. Nan silsilar ta tsinke. A garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, ya rasu a 1837 aka rufe shi, garin da ƙaramin almajiri ya san ba a karɓar ruwaya sai an san daga wa zuwa wa, ni mai takardar difloma na tsaya gaban yara fiye da hamsin na ba su zancen da ba shi da uba. Mu da muke rubutu ya kamata abin ya fi damun mu, don na lura kalmar nan "majiya mai tushe" daga jarida na aro ta, na yafa wa ƙarya ita kamar babbar riga, kuma saboda rigar yaron ya yarda.

Na shiga ɗaki na ƙirgo abin da ya rage na albashina na kawo. Dattijon ya tura mini abina da bayan hannu, ya ce gobe in yaron ya sake, wa zai biya? Ya ɗora ɗansa a bayan keke suka tafi. Bai dawo makaranta ba sai bayan Sallah, ya rame, ya yi baƙi saboda aikin fadama. Ya gama karatunsa, yanzu yana lodin albasa zuwa Kudu, kuma duk inda ya gan ni sai ya durƙusa ya gaishe ni, bai taɓa tayar da zancen ba.

Ban daina kallo ba, kada in yi muku ƙarya. A watan Nuwamba na 2025, da Nijeriya ta doke Gabon 4 da 1 aka ce saura Kwango a birnin Rabat na Maroko, wasu yaran dabam suka taso ni a aji, Malam yaya za ta kaya? Wallahi amsa na bakina, har da yawan ƙwallaye. Na juya ga allo na ce kowa ya fito da littafinsa na nahawu. A zuciyata Nijeriya na ba, aka kuwa fitar da mu a bugun fanareti.