Tambari Ya Rufe Mana Hoto

Ranar Talata, 10 ga watan Satumba, 2024, rana ce wadda mutanen Maiduguri ba za su manta da ita ba. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle da dare, ruwa ya kwararo cikin gari, ya ci Gwange da Kasuwar Monday, har ya shiga fadar Shehun Borno. Rabon da a ga irin wannan ambaliya tun 1994.

Ni da mahaifiyata muna Bulumkutu, inda Allah ya kiyaye mu. Ƙanwata kuwa tana aure a Gwange, wayarta ta ƙi shiga. Da almuru maƙwabcinmu ya ta da janareto, muka taru gaban akwatin talabijin ko ma ga wani abin da zai kwantar mana da hankali. Can sai wata tasha ta nuno mutane ana fid da su cikin kwalekwale. Tsohuwa ta matsa har goshinta ya kusa taɓa gilashi, tana neman fuskar 'yarta. Amma ina! Tambarin tashar ya tare kusurwa guda, agogo ya tare ɗaya, daga ƙasa ga wani jan ƙyalle mai faɗi ɗauke da kanun labari, ƙarƙashinsa kuma rubutu na ta gudu. Waɗanda ke zaune cikin kwalekwalen duk an binne su. Sai ta waiwayo ta ce, "Kai, ce musu su ɗage wannan abu mana." Na rasa amsar da zan ba ta.

Da ba haka abin yake ba. An kafa Hukumar Talabijin ta Nijeriya, watau NTA, cikin 1977, kuma a iya tunawata muna yara, sai a nuna tambari lokacin buɗe tasha, sa'an nan a bar mai karanta labarai da hotonsa. Bayan dokar 1992 wadda ta ba 'yan kasuwa izinin kafa tashoshi, gasa ta tashi, kowa na son a san shi. Rubutu mai gudu kuwa, manyan tashoshin Amurka ne suka mai da shi abin kullum tun daga harin 11 ga watan Satumba, 2001, mu kuma muka kwaikwaya.

Ban ce tambari ba shi da amfani ba. Yana sanar da mai kallo tashar da ya kamo, yana kuma hana wata tasha ta ɗauki hoton da ba ta sha wahalarsa ba. Amma Hausawa sun ce gani ya kori ji, domin ganin nan ne talaka ya sayi akwatin. Har ila yau, yawancin rubutun da Turanci ake yin sa, alhali kuwa tsohuwa irin mahaifiyata Hausa da Barbarci kaɗai take ji.

Saboda haka ina roƙon shugabannin gidajen talabijin su rage girman tambari, su kuma janye sauran tarkacen duk sa'ad da ake nuna hoton wata masifa. In akwai sanarwa, a faɗe ta da baki cikin harshen jama'a.

Ƙanwata dai mun same ta bayan kwana biyu a sansanin Bakasi, ita da 'ya'yanta lafiya lau. Ta ce da kwalekwale aka fid da su. Har yau tsohuwa na tambayata ko su ne aka rufe mata a daren nan.