Garkar Kaka a Bawku

Salaga da Yendi da Bawku garuruwa ne na arewacin ƙasar Gana. Tun zamanin da, fataken Hausa suke zuwa Salaga, a ƙasar Gwanja, sayen goro. Wasu sun zauna, sun kafa zango, sun hayayyafa. Har yau ana jin Hausa a zangunan waɗannan garuruwa.

A wannan yanki damina ɗaya ce a shekara. Mutanen Salaga da na Yendi suna noman doya da masara. Mutanen Bawku kuwa suna noman gero da dawa, da rani kuma su yi albasa a bakin gulbi. Lokaci mafi wuya shi ne farkon damina: an yi shuka, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, na kasuwa ya yi tsada. Samari da yawa sun tafi Kumasi neman kuɗi. Tsofaffi ne suke saura a gida, ba su da ƙarfin zuwa gona mai nisa.

A zangon Bawku akwai wata tsohuwa, yara suna ce mata Kaka. Ƴaƴanta suna kudu, tana zaune da jikokinta biyu. Ba ta manta da shekarar 1983 ba, lokacin da aka yi fari a Gana, gobarar daji ta cinye gonaki. Masu kuɗi ma sun je kasuwa sun rasa abin saye.

Saboda haka Kaka ba ta wasa da ƴar garkarta ta bayan ɗaki. Ta kewaye ta da kara don kada awaki su shiga. Ta shuka kuɓewa da yakuwa da kabewa, ga icen zogale biyu a gefe. Toka da kashin kaji su ne takinta. Ruwan da aka wanke hatsi da shi ba a zubar da shi banza, gindin zogale ake kai shi.

Kaka ba ta iya sunkuyo da daɗewa, bayanta yana ciwo. Jikokin ne suke ɗebo ruwa in sun taso daga lakwal. Ita kuwa tana nuna musu irin da za a ɓoye don baɗi. In kuɓewa ta yi yawa, sai ta yanka ta shanya. Da rani, ko ba a aiko da kuɗi daga Kumasi ba, ba a rasa miya a gidan. Garka ba ta cika rumbu, amma kuɗin cefane sai su koma na hatsi.

Hukuma ma ta san amfanin wannan aiki. A 1972 gwamnatin Acheampong ta yi kira ga kowa ya yi noma, har a bayan gida. A 2008 kuma aka soma shirin LEAP, mai ba matalautan tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama ɗan taimakon kuɗi. Amma Kaka takan ce wa jikokinta: «Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ku fara shayar da zogale, sannan ku tafi wasa.»

Tambayoyi
1. Me ya kai Hausawa Salaga?
2. Don me farkon damina yake da wuya ga tsofaffi?
3. Da me Kaka take yin taki?
4. Wane tsoho ne a unguwarku za ku iya taya ban ruwa?